Inda Ƙasa Ta Ƙare

Sabuwa na tsakiyar tankaɗe Malam Ma'azu mai awon ƙasa ya yi sallama, shi kaɗai. Ta leƙa bayansa, ta sake leƙawa. Su biyu suka bar Lafagu kwana shida da suka wuce, shi da ɗanta Bunyaminu mai ja masa sarƙar awo.

"Malam, ina ɗan nawa?"

"Lahiya lau shike, Inna. Gadin tuta shikai."

Saura kwana uku a karɓi mulkin kai. Daga sama aka aiko a nemo inda ƙasar wannan yanki ta ƙare ta arewa, a kafa sabuwar tuta a wurin, kada mutanen Dahomey, da suka karɓi nasu mulkin tun watan jiya, su riga kafawa. Kowa dai ya san ƙasa ta ƙare a gaɓar Kwara, bayan Lolo. Amma da Malam Ma'azu ya sa madubinsa na hangen nesa, sai ga wani ɗan tsibiri can tsakiyar ruwa, kore shar, wanda ko a taswirar Turawa babu shi. Ashe akwai sauran ƙasa gaba da inda kowa ya sani, kuma shi ya fara gano ta.

Bai tambayi masunta ba. Masuntan wurin Dendawa ne, rabin danginsu na ƙetare, in suka ji da safe Dahomey ta ji kafin azahar. Wani ɗan doka mai ɗan iya tuƙi ya samo, suka haye su uku, suka kafa tuta. Ɗan dokan ya bi jiragen kamun kifi ɗaya bayan ɗaya yana daka musu tsawa, duk wanda ya kusanci tutar gwamnati gidan yari zai kwana. Sannan suka bar wa Bunyaminu gari da ƙuli da buta, suka juyo da jirgin, don shi ke nan gare su.

Sabuwa ta ajiye rariya. Mutanen tudu ne su kaka da kakanni. Ɗan nan nata, da gemunsa da komai, ko kududdufin bayan gari bai taɓa shiga ya wuce gwiwa ba.

"Ba shi iya ruwa hwa, Malam."

"To wa ac ce shi shiga ruwa? Bisa ƙasa shike. Ƙasa kau mai albarka, Inna, laushi kamar katihwa. Ko dagi ba mu sa ba, sandar tuta ta shige da kanta. Babu dutse, babu kunama, ko tururuwa guda ban gani ba."

Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai, in ji shi. Awon safe da na la'asar sun saɓa da taku huɗu, kuma ya san laifin na'urar ne, ta tsufa, tun farkon zuwan Turawa ake aiki da ita.

Sabuwa ba ta san awo ba, karatun allo kaɗai ta taɓa, shi ma ba nisa. Amma hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta ɗaura fura, ta ce ƙafarsa ƙafarta. Ya yi magiya, ya yi faɗa, ta riga shi fita ƙofa.

Washegari da hantsi suka iso Lolo, ana ta wanke tukwanen bikin mulkin kai, mata na gwajin guɗa. Ba ta ko kalle su ba. Kwara ta cika ta batse, ruwan ya yi jajir da laka, yana janye da itatuwa. Ɗan dokan nan ya ɗauke su a jirgi, ta zauna tsakiya ta kama gefe biyu da ƙarfi, duk addu'ar da ta sani sai da ta karanta, ta koma farko.

Suka yi tafiya mai nisa. Malam Ma'azu ya ce wa ɗan doka ya tsaya. Ya duba takarda, ya dubi gaɓa, ya sake duban takarda.

"Nan na."

Ruwa ne ko'ina. Sai reshen wata matacciyar bishiya da ya leƙo sama, 'yan tsilli-tsillin ciyawa na maƙale da shi.

Suka kewaya sau uku. Gumi ya jiƙe rigar Malam Ma'azu, yana ta cewa ai ruwa bai ƙaru ba, ga alamar da ya yi a gaɓa tana nan yadda take, to ta ina zai cinye tsibiri guda? Sabuwa ta miƙe tsaye, jirgi na tangaɗi, ta ƙwala kiran Bunyaminu har muryarta ta dushe.

Can nesa wani tsohon masunci na zaune cikin jirginsa yana kallonsu. Da ya ga kakin ɗan doka sai ya fara ja da baya. Ita ta ɗaga masa hannu biyu.

"Baba, don girman Allah tsaya! Ina tsibirin da ka nan? Ɗana na bisa!"

Tsohon ya dube ta, sannan ya matso.

"Ɗiyata, shekarata hamsin cikin ruwan ga, ba a taɓa tsibiri nan ba. Ciyawar burgu ta da kainuwa, ruwa yat tumɓuko daga gaɓa, iccen ga yat tare ta kwana bakwai. Jiya da azahar ta kuɓuce tab bi ruwa, da tuta da mutum bisa shina ɗaga muna hannu, mu kau an ce duk wanda yak kusanci tuta gidan yari za shi."