Waya a Cikin Guga

A ƙauyenmu, can bayan Zakka, sabis ba ya saukowa ƙasa, sai dai a saman wata tsohuwar ɗorawa da ke bakin gona. Shi ya sa aka rataya guga a reshenta. Ka sa waya a ciki, ka ja igiya ta hau, ka zauna jiran saƙo ya shigo.

Ina aji shida lokacin. Sati biyu aka yi ko a saman ɗorawar babu sabis. Ranar da aka ce ya dawo, bayan la'asar, ni da hedimastanmu Malam Lawal muka zauna a gindinta, muna jiran sakamakon jarrabawar shiga makarantar kwana. Sau uku yana sauke gugan, ba komai. Har yau ina jin warin robar gugan nan da rana ta gasa.

A na huɗu ya daɗe yana kallon wayar.

"Kin ci, Hajara," ya ce.

Na daka tsalle. Shi ko motsi bai yi ba.

"Sun ce a karɓi gurbi ta intanet cikin kwana bakwai. Yau kwana tara." Ya goge fuskar wayar da hannun riga. "'Yan birni suna kwance a ɗaki suka gani."

Yanzu ɗinki nake yi a Safana. 'Yata takan yi min dariya, wai ko ina tsakiyar aiki, waya na yin ƙara sai na zabura na duba. Nakan ce mata ba komai, in ci gaba da taka keke.