Mijin Aro a Bodija

Gbenro ya kwanta rub da ciki a gaban mai gidan, ƙirjinsa har ƙasa, bai damu da farin yadin da ke jikinsa ba. Morenike ta durƙusa a gefensa. Tsohon ya dube su ta saman tabarau, ya gyaɗa kai.

"Tashi, ɗana. Yaran yanzu sai dai su miƙo maka hannu, kamar tare kuka yi wasan ƙasa."

Sunansa Baba Fagbemi, tsohon ma'aikacin gandun daji. Gidansa na tsohuwar unguwar Bodija, a layin da itatuwa suka haɗe kai ta sama. Shi yana zaune a bene, ɓangaren ƙasa ne na haya: ɗaki biyu da falo, ƙofar baya na buɗewa kan ciyawa da bishiyar gwaiba. Dillalan Ibadan sun haddace sharuɗɗansa biyu. Sai ma'aikacin gwamnati mai takardar shaida. Kuma ba ya ba macen da ba ta da miji.

Morenike ta cika na farko, don shekararta goma sha huɗu tana ba da magani a asibitin gwamnati. Na biyun ne ya sa masu gida biyar suka sallame ta cikin ladabi. Ba don kanta take neman gidan ba. Mahaifiyarta ta sami shanyewar ɓarin jiki, ga su a hawa na uku a bakin tasha, inda 'yan kamasho ke wuni suna ihu. Wata bakwai tsohuwar ba ta taka ƙasa ba. Likita ya ce abin da take buƙata barci ne da 'yar tafiya kullum.

Ƙawarta Ebun, mai shagon ɗinkin labule, ita ta kawo dabarar. Tare suka yi sakandare.

"Ke gaskiyarki ce ke wahalar da ke," in ji Ebun. "Rabin matan garin nan da mijin aro suka kama haya. Ga ɗan kawuna Gbenro ya zo daga Osogbo, ba aikin fari ba na baƙi. Ki saya masa tuwon amala da naman akuya, ya zama mijinki na awa ɗaya."

"Ƙarya fa ke nan, Ebun."

"To, zauna da gaskiyarki a hawa na uku."

Gbenro ya iya aikinsa. Bayan gaisuwar ya murɗa famfo, ya ƙwanƙwasa bango, ya tambayi ko rijiyar na ƙafewa da rani. Har ya tambayi ko akwai asibitin haihuwa a kusa. Tsohon ya yi dariya, Morenike ta sunkuyar da kai.

Da aka zo sa hannu, Baba Fagbemi ya karanta takardar aikinta sau biyu, ya adana, sannan ya tura yarjejeniyar gaban Gbenro.

"A gidana sunan maigida ake rubutawa."

Morenike ta buɗe baki za ta yi magana. Gbenro ya dafa hannunta a hankali, yadda miji zai yi. Ta biya kuɗin shekara biyu.

Sauran hidimar Ebun ta ɗauke mata. Ta karɓi makulli don ta auna tagogi, ta kawo mai fenti. Morenike ta ce fari take so, Ebun ta sa aka shafa wa ƙaramin ɗakin ruwan ɗorawa. "Farin asibiti bai ishe ki ba?" Ƙarfen dafawa da Morenike ta ce a kafa wa Mama a banɗaki kuwa, kullum mai walda gobe zai zo. Sau biyu Morenike ta so ta leƙa gidan bayan tashi aiki, Ebun ta ce fenti bai bushe ba.

Ranar Asabar da safe maza huɗu suka sauko da Mama a kan kujera. Ta sa an ɗaura mata gwaggwaron da take zuwa coci da shi. Aka zaunar da ita a gaban motar kaya. Da suka shiga inuwar layin, ta ɗaga hannunta mai lafiya.

"Morenike, ashe har yanzu akwai tsuntsaye a Ibadan."

Baba Fagbemi na ba furanni ruwa a bakin ƙofa. Ya dubi motar, ya dubi gado da katifun da aka ɗaure a kanta.

"A'a, 'yata! Duk wannan kika kawo musu?"

Morenike ta durƙusa, ba ta gane ba.

"Tashi, tashi. Na so in yi fushi da ke, na kasa. Ƙaninki Gbenro ya zo nan ya kwanta, ya faɗa mini gaskiya. Ya ce laulayi ya kwantar da matarsa, shi kuma ba shi da takardar aiki, ke yayarsa kika tsaya a matsayin mata kika rufa masa asiri. Ƙarya ba ta da kyau, amma 'yar'uwa irinki sai an tona. Tun Laraba suka tare."

"Baba," ta ce, "gidan nawa ne."

"Sosai! Gidan ƙaninki ai gidanki ne." Ya juya ya ɗaga murya. "Amarya! Fito, ga yayar mijinki ta zo!"

A bayanta direba na tambayar inda za a sauke kaya. Mama ta riga ta tura ƙofar motar, tana lalubar ƙasa da ƙafarta mai lafiya.

Ƙofar falon ta buɗe. Matar da ta fito tana goge hannu da zane, ta zube gwiwa biyu a gaban Morenike yadda amarya ke gaida dangin miji, ba ta yarda sun haɗa ido ba, Ebun ce.