Azumin Saje Buba a Labanan

Farfesa Halliru ya ture kundin binciken gefe, ya cire tabarau. A gaban malaman sashen tarihi gaba ɗaya ya ce abin da Malama Shafa'atu ta rubuto kan rikicin Isra'ila da Falasɗinawa tsintar maganar wasu ne kawai: wancan littafi ya ce, wannan jarida ta ce.

"Ina wanda ya gani da idonsa, Malama? Ko daga Gusau za ki hango Ƙudus?"

Aka yi dariya. Shafa'atu ta tattara takardunta ba tare da ta ɗaga kai ba. Ta ce za ta kawo shaidar gani da ido, kuma daga bakin mai ita.

Ta san inda za ta nufa. Sojojin Najeriya sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a kudancin Labanan, tsakanin mayaƙan Falasɗinawa da rundunar Isra'ila, kuma suna can a 1982 lokacin da Isra'ila ta kutsa ƙasar. Wasunsu 'yan Zamfara ne, suna nan da ransu.

Ta fara da Tsafe, duk da mijinta ya yi ta jan kunnenta kan halin da hanyar take ciki. A wata rumfar bakin titi ta samu Kofur Aminu, tsohon soja da ido ya fara gaza masa. Ya ba ta labarin rokoki da jiragen yaƙi, da matan da suka riƙa wucewa ta shingensu da katifu a ka. Ta saurara, ta gode. Tambaya ɗaya ce ta maimaita masa: da yaƙin ya ɓarke, an bar wani ya zo gida hutu?

"Hutu? Ɗiyata, ko mai gudawa ba a bari ya yi nisa ba. In kina son zance tiryan-tiryan, tafi Bunguɗu ki nemi Saje Buba. Tanti guda munka kwana."

Ba ta tambayi kwatancen gidan ba.

Abokan aikinta sun lura ta canza. Ta rame, ta daina zaman hira a ofis, in an yi mata magana sai an kira sunanta an sake. Kowa ya ce Farfesa ya taɓo wadda ba ta yafiya.

Ta aika wa Saje Buba goro da turmin shadda, da saƙon cewa jami'a na son adana tarihinsa. Sharaɗinta guda: a yi hirar a fili, gaban liman da mai unguwa da dattawan gari, don shaida ta fi ƙarfi in da masu ji.

Ranar, ƙofar gidan ta cika. Saje Buba ya fito da tsohuwar shuɗiyar hularsa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, lambobin yabo a ƙirjin babbar riga. Jikokinsa suka zagaye shi. Aka kawo wa baƙuwa fura mai sanyi. Ta ce alhamdu lillahi, ta ajiye kwanon a gefe. Ta kafa wayarta tana ɗaukar hoto da murya.

Saje ya iya labari. Ya faɗi yadda tankokin Isra'ila suka wuce ta gabansu ƙasa na rawa, da yadda wani saurayi Bafalasɗine ya roƙe shi ruwa da Larabcin da ya tsinta a makarantar allo. Ya faɗi wani sojan Isra'ila, yaro ƙarami, da ya gani zaune a kan tanka yana kuka. Wannan shi ne irin abin da Farfesa Halliru yake nema, amma Shafa'atu ba ta bi ta kansa ba.

"Baba, azumin waccan shekarar, a ina ya same ka?"

"A can mana! Cikin ƙarar bindiga munka ga wata."

"Ba ka zo gida ba? Ko na 'yan kwanaki?"

"Wane gida? Tun kafin azumi har bayan babbar salla ƙafata ba ta taka Najeriya ba."

Ta ce masu tantance bincike ba su da saurin yarda, za su ce tsufa ne ya rikita masa lissafi. Ran Saje ya ɓaci. Ya aika aka ɗauko hotonsa na ranar ƙaramar salla, yana tsaye a gaban tanti da sauran sojoji. Ya ɗaga hannu sama.

"Wallahi, tallahi, azumin nan duka a Labanan na yi shi. Liman, ka shaida!"

Liman, wanda ya girmi kowa a wurin, ya ƙura wa baƙuwar ido. Carbinsa ya tsaya cak a hannunsa.

Shafa'atu ta ɗauki wayar. Ta tura hirar inda ba mai iya goge ta, ta jira har ta ga ta tafi. Sannan ta miƙe.

Saje Buba ya gyara zama, fuska cike da annuri. "Allah shi yi albarka. Ɗiyar wa ce ke, in san gidan da anka yi wannan tarbiyya?"

Ta ɗaga murya yadda na bayan taro zai ji.

"Ɗiyar Malam Abdulrahman na Kekun Waje, wanda ya mutu a kurkuku ina 'yar ƙarama, bayan ka dafa Alƙur'ani a kotu ka ce ka zo hutu, kuma da idonka ka ga ya kashe maƙwabcinsa a gona, cikin wancan azumin."