Mutuwar Fatu

Hajiya Dela ta shiga zauren sinima da kwanon samira a hannu, ba ta ko kalli mai gadin da ke cewa an hana shiga da abinci ba.

Jikarta Sajida ce ta ba da haƙuri. Wata uku ke nan da yarinyar ta samu aikin nuna wa baƙi kujera a zauren, bayan ta yi shekara tana zaman jira tun zuwanta daga Sudan. Shugabarta, Madam Arwa, ta gaya mata a fili: yau akwai 'yan jarida da manyan baƙi, kuskure ɗaya, halas, shi ke nan, ta ajiye katin aiki.

"Kaka, don girman Allah ki kalla kawai. Kada ki ce komai."

"Na ji," in ji Dela. Ta gyara niƙabinta, ta ɗora kwanon a cinya. Ɗan wake ne a ciki, da zafinsa.

Ba ta taɓa shiga sinima ba, ba ta kuma iya karanta ko harafi ɗaya. Amma mako biyu ke nan unguwarsu ta Sharafiyya, a nan Jidda, ba ta da zance sai fim ɗin Meshari, Balaraben da ya shekara ashirin a Turai ya dawo da babbar lambar yabo. A shagonta na lalle da turare, masu saye sun rabu biyu. Wasu na cewa a ƙarshe an samu wanda ya faɗi abin da ake yi wa baƙar fata a gidajen nan. Wasu na cewa Turawa dai ba sa ba da lamba sai sun ga baƙi na kuka. Dela ta ce sai ta gani da idonta.

Aka kashe fitilu. Labarin wata Fatu ne, Bahaushiya mai raino a gidan attajirai shekara arba'in da suka wuce. Sajida ta raɗa mata cewa an rubuta a farko wai labarin gaskiya ne.

"To," in ji Dela.

Fatun fim ta goya yaron gidan. Dela ta ja tsaki, don kuwa ɗaurin zanin nan ko ƙofar gida ba zai kai yaro ba. Yaron kuma shiru-shiru, ba ƙiriniya, ba cizo, sai kallon tausayi. Ta sake jan tsaki. Fatu na wanki tana kuka, tana shara tana kuka, tana tuƙa tuwo tana kuka.

"Wannan yaushe take samun lokacin aiki?" in ji Dela. Wani mai farar riga a gabanta ya waigo.

Abin da take jira bai zo ba. Ba a nuna kofin da ake ware wa baƙar mace a madafa ba, wanda ake kifewa can ƙarƙashin famfo. Ba a nuna baƙuwar da za ta karɓi shayi daga hannunki ta goge bakin kofin da mayafi ba. Waɗannan ba su da kiɗa, shi ya sa. Sai mari da ihu, sannan aka kori Fatu ba iƙama, wato takardar izinin zama, ta mutu a bakin titi ana yayyafi. Yayyafi, a Jidda, daidai ranar mutuwarta!

Zaure ya ɗauki tafi. Mata na share hawaye, har da Sajida.

Meshari ya hau dandamali, furfura a gemu, lambar zinariya a kan tebur kusa da shi. Ya ce ya yi fim ɗin ne don waɗanda ba su da murya. Aka ce mai tambaya ya ɗaga hannu.

Dela ba ta ɗaga hannu ba. Miƙewa ta yi.

"Kaka!" Sajida ta riƙo gefen abayarta. Daga bakin ƙofa Madam Arwa ta kafe yarinyar da ido, ta yi wa masu gadi alama.

Dela ta gangara da kwanonta, mataki ɗaya bayan ɗaya, saboda gwiwa. Ta yi magana da Larabcin kasuwa, mai ƙarfi, yadda na kujerar ƙarshe zai ji.

"Hoton ya yi kyau, ban hana ba. Abin da ake wa baƙi kuma gaskiya ne, har ya fi haka. Amma wannan lamba ba ta fim ba ce, ta gawa ce. Da matar nan ta bar gidan da ƙafarta, ta buɗe shago, ta aurar da 'ya'ya huɗu, wa zai tafa?"

Masu gadi biyu suka iso gefenta. Madam Arwa ta riga ta miƙa wa Sajida hannu don ta karɓe katin aikinta.

Sai Dela ta dangwarar da kwanon kusa da lambar, ta ɗage niƙabinta, a gaban namijin da kowa ya ɗauka baƙo ne gare ta. Sajida ta dafe ƙirji. Tunda take, ba ta taɓa ganin kakarta ta buɗe fuska ga wanda ba muharraminta ba.

Meshari ya miƙe, kujerarsa ta faɗi. Ya daka wa masu gadi tsawa su ja baya, Madam Arwa ta janye hannunta da sauri. Ya sunkuya zai sumbaci kan tsohuwar, ita kuwa ta kama kunnensa na hagu ta murɗe, da gwanintar wadda ta saba.

"Ci ɗan wakenka tun bai huce ba," ta ce da Hausa. "Shekara biyu cur ina ba ka nonona, ja'iri, ka rasa wadda za ka kashe a bakin titi don su ba ka lamba sai ni?"