Fanshon Kofur Ubaidullahi

Ranar da aka liƙa sunayen tsofaffin sojojin yaƙin basasa a wani bango a Birnin Kudu, Alhaji Ubaidullahi Datti inuwa kawai ya raɓa. Sai ga sunansa a layi na tara: Kofur Ubaidullahi Datti, Gwaram. Sanarwar ta ce duk mai suna a nan ya zo a tantance shi, a fara biyansa fansho har da na shekarun baya.

Alhaji dai tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe abin da ya fi sitiyari haɗari ba. Lokacin yaƙin yana karen mota tsakanin Gwaram da Kano. Takardar firamarensa ma a shekarun nan ta ɓace daga ƙasan katifa, bai ko neme ta ba. Amma duk ƙasar Gwaram babu wani Ubaidullahi ɗan Datti sai shi, kuma cikin motocinsa uku, biyu suna zaune a kan duwatsu kaji na ƙwai a ciki. Ya ce arziki ne ya yi ɓatan kai, kuma ba shi zai nuna masa hanyar gida ba. Nan take ya je ya cike takarda.

Cikas ɗaya ne: bai san komai na soja ba. Sai ya tuna da Dogara, tsohon mai gadin tasha, wanda suka tashi a zaure ɗaya a Kwandiko. Dogara ya yi shekara biyar a Kudu zamanin yaƙin. In an tambaye shi, sai ya ce wanki ya yi wa sojoji, ya kawo zancen damina.

"Alhaji, ka bar sunan nan ya kwanta inda yake," in ji Dogara.

"Kai dai koya mini. Ai ka ga yadda suke tsayuwa."

To, a matsayin mai wanki, Dogara ya san abubuwa. Ya koya wa Alhaji sunan bataliya, da kogin da aka ƙetare, da hafsan da ke zagi da harshe uku. Har lambar kofur ɗin ya karanto masa da ka. Alhaji bai tsaya tambayar inda ya samo ta ba. Mai jin yunwa ba ya tambayar wa ya yanka.

Kafin sati biyu Alhaji ya fara ɗingishi. A tasha ya hana a kira shi Alhaji, sai Kofur. Yana ba direbobi labarin yadda ya haye kogi da bindiga a ka, kuma kullum kogin ƙara faɗi yake. Matarsa Hajiya Kubra ta leƙo shi yana fareti a bayan gida, ta ce, "Shekara arba'in da bakwai muna tare, ko ɓera ya shigo ni nake kashewa." Ya ce mata sirrin soja ba na mata ba ne.

Ranar tantancewa aka ce kowa ya zo da shaida ɗaya. Dogara ya ce gwiwarsa. Da aka shafa mata magani, ya ce cikinsa. Alhaji ya sa aka cusa shi a mota. Ana tsakiyar bazara, amma Dogara ya naɗa rawani har kan hanci, ya nemi benci na can baya ya lafe.

Wani manjo mai tabarau ne ke jagorantar kwamitin. Alhaji ya ƙame, ya sara, ya zubo lamba da bataliya ba gargada. Har ya soma ƙetare kogin, manjo ya ɗaga hannu.

"Baba, a wancan zamanin da yawa sun shiga soja da takardar makarantar wasu. Shi ya sa muke tambaya. Kai ne da kanka?"

Alhaji ya rantse. Ya ƙara rantsewa, ba a ma nema ba.

Manjo ya buɗe wani tsohon fayil da ƙwari suka ci gefensa. "To akwai 'yar matsala, Kofur. Mu a wurinmu ka rasu. Matarka Ene, 'yar Otukpo, ta shekara talatin tana neman haƙƙin mamaci. Ta ce wata Asabar ka fita daga bariki a Makurɗi za ka yi aski, ka bar ta da yara biyu, ba ka dawo ba."

Alhaji ya shiga lissafi. In ya ce bai san ta ba, fansho ya tafi, ga rantsuwa biyu a gaban kaki. In ya ce ya san ta, ya samu mata. Ya duba, ya ga tsohuwar da ta shekara hamsin ba ta ga miji ba, ai ko turmi aka sa wa hula za ta karɓa.

"Allah sarki, Ene," ya ce, yana share idon da babu komai a cikinsa. "Yaƙi ne ya raba mu. Kullum tana raina."

"Madalla. Da muka ga mamaci ya cike takarda, sai muka aika mata. Tana waje."

Aka buɗe ƙofa. Wata 'yar tsohuwa ta shigo tana dogara lema, ƙatti biyu masu furfura na biye da ita. Alhaji ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ware hannuwa. "Uwargida, sannu da..."

Ta wuce shi kamar yadda ake wuce turken wuta. Ta bi benci ɗaya bayan ɗaya har na can baya, ta sa ƙugiyar lemar ta janye rawanin Dogara, ta daɗe tana kallonsa.

"Ubaidu," ta ce da Hausarta ta bariki, "an gama askin?"