Shafin da Ta Hana

"Ku yi ta yi mata magana," in ji likitan. "In har gobe ba ta nuna tana ji ba, sai haƙuri."

Tsohon ya ja kujera jikin gadon matarsa. Zamanin fim na baƙi da fari, shi ke rubuta wa wani sutudiyo a Kaduna wasannin barkwanci, kuma ba shafin da ke zuwa gaban kyamara sai ta fara ji. In ya yi daɗi, ta rufe baki da mayafi. In bai yi ba, ta ƙwanƙwasa faranti da yatsa, shi kuma ya yaga.

Ya fara da na wanzamin da ya aske wa ango rabin kai. Ko motsi. Ya yi na direban da ya manta amarya a tasha, har da muryoyi, gumi na bin gemunsa. Duk abin da ya taɓa kwantar da 'yan kallo da dariya ya zazzage mata, har aka kira la'asar a Masallacin Harami da ke kusa da asibitin.

"Khalas, Abuya, ya isa haka," 'yarsu ta ce wa uban, tana haɗawa da Larabcin da ta tashi da shi, ta dafa kafaɗarsa. "Ka gaji."

"Saura ɗaya."

Masu kyan sun ƙare. Sai ya kama na akuyar da ta cinye sammacin alƙali, wanda ta sa shi ya yaga tun suna sabon aure.

Bai kai tsakiya ba ya ji ƙwas, ƙwas, a ƙarfen gadon. Yatsanta ne.

"Kira likita," ya ce da 'yar. Ya goge ido, ya sunkuya. "Yau kam ba zan yaga ba, Hajiya."

Ya sake ɗauko akuyar daga farko.