Aska Ɗaya

Ƙarfe goma na safe, ana yayyafi, mai aski ya tsaya gaban likita. A ɗaki na gaba yayansa na kwance, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya. Kansar hanta.

Jiya likita ta ce wata ƙwayar cuta ce ke shiga ta jini, ta laɓe a hanta, ta yi ta hayayyafa shekara da shekaru, har naman ya manta yadda ake daina girma. Shi kuwa shekara ashirin yana yi wa Yaya aski da askar da yake yi wa kowa.

"Likita, don Allah kar ki ɓoye min. Ni na jawo masa?"

Ta tura masa takardun gwaji uku. "Kai da shi da mahaifiyarku, duk kuna da ita. Alamu sun nuna tun haihuwa kuka ɗauka daga jikinta. Ita ma ba ta sani ba."

A baranda Inna ta cafke hannun rigarsa. "Auta, me ta ce? Wa ya yi wa yayanka haka? Faɗa min in san wanda zan kai ƙara wurin Allah."

Ya kalli yatsunta. "Askata ce, Inna."

Ta sake shi, ta zube kan benci, ta juya masa baya. Takalminta ɗaya ya kife can gefe. Ya durƙusa ya ɗauko, ya saka mata a ƙafa a hankali. Ba ta waiwayo ba.